Kanikawan Hanyar Maigatari da Zancen Turbo

Wanda ya san Maigatari, da Alhamis ya san ta. Tun yammacin Laraba tireloli ke fara jeruwa a bakin kara, kafin hantsin kasuwa kuwa shanu da raƙuma da tumaki sun shigo daga Dungas da Magarya da ƙasar Damagaram, ga buhunan riɗi da zoborodo an jibge gefe guda. Mai kunnen inji zai lura cewa motocin da ke cikin wannan hayaniya ba muryarsu ɗaya ba. Tsohuwar a-kori-kura gurnani take yi. DAF kuwa, da direba ya taka totur, akwai wani siririn fito da ke tashi a bayan rugugin injin. Fiton turbo ke nan, kuma a garejojinmu baƙo ne idan aka gwada shi da kafireta da filogi.

Shekarun nan samari kan shigo gareji da waya a hannu, su nuna bidiyon wata ƙaramar mota a Amurka ko Dubai da aka ɗaura wa turbo, su ce a yi wa Golf ko Corolla ɗinsu haka. Tsofaffin kanikawa su girgiza kai, yaran su tafi suna zaton rashin sani ne. Ni da na tashi a garejin kawuna a Gumel, ina wanke sifanu da fetur tun ban kai tsayin bonet ba, na san ba haka abin yake ba. Mutanen nan sun sauya kusan komai a jikin mota, har abin da maƙerinta bai taɓa tunani ba. Turbo ne suka bari da gangan a kan injin fetur, kuma dalilinsu yana cikin tarihin wannan hanya.

Tun kafin mota, dako ne aikin ƙasar Gumel. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa garin a 1851, ya rubuta cewa babbar matattarar kanwa ce, ana kawo ta daga Barno da Muniyo a wuce da ita har Nufe. Raƙuma da takarkarai da jakuna ke wannan aiki, kuma bafatake bai damu da saurin dabba ba. Abin da yake tambaya shi ne kaya nawa za ta ɗauka, zango nawa za ta yi ba ta kwanta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru ya kammala a 1930 ya bi ta Gagarawa, gyaɗa ta karɓi wurin kanwa. Daga baya aka sami Bedford da Austin masu bodin katako, suna kwasar buhuna daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Maigatari zuwa tashar jirgi ko Kano, a kan burji da yashi. Mai mota ya gaji tambayar bafatake yadda take: buhu nawa za ta ɗauka, kuma za ta dawo da ƙafarta?

Kawuna ɗan maƙera ne, da zuga ya fara kafin ya riƙe sifana. Farkon aikinsa na mota ma a bakin uwar maƙera ya yi shi, wato gasa ganyen sifirin da ya karye ko ya saki, a daddake shi ya koma daidai. Da ya shiga harkar inji, hannunsa ya riga ya san iyakar zafin da ƙarfe ke iya ɗauka, kuma wannan sanin shi ya riƙe shi har ya ajiye aiki.

Zamanin da kanikanci ya zama sana'ar kirki a yankinmu shi ne zamanin Fijo. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna kuma ta fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kuma shekarar da 504 ta ci tseren Safari a Kenya. Injinta silinda huɗu ne, wajen lita biyu, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Da numfashinsa kawai yake shan iska: fistin ya sauka, iska ta biyo shi ta kafireta. Amma an yi shi yadda talaka zai iya da shi. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, sarƙa ke juya masa lokaci, silif ɗinsa kuma ana zarewa a sa sabo. A ƙarƙashin darbejiya, da kwangiri uku da sarƙar ɗagawa, ana sauke injin da safe a canja silif da fistin da ringi, washegari motar ta kama hanyar kasuwa. Shi ya sa Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daɗe da barin ta.

Dubi abin da ake yi wa a-kori-kura in ta shigo hannun ɗan kasuwa. Ana ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku a baya. Mai walda ya ɗaga mata shinge, ya ƙara kariya a saman kan direba. A cire lagireton kamfani a sa mai layi biyu. Wasu har tanki na biyu suke ɗaurawa. Duk tsawon zamana a garejin, ƙarar da ake kawowa kawu ita ce mota tana zama in an yi lodi, ko tana tafasa kafin a kai Gujungu, ko tana shan baƙin mai. Wanda ya ce motarsa ba ta gudu, gyaran kafireta da filogi ake yi masa a sallame shi.

A ɓangaren manyan motoci, Marsandi 911 ce ta riƙe hanya, wadda a farkon shekarun 1980 aka fara harhaɗa irinta a ANAMMCO ta Inugu, lokacin da Fiat ke fitowa daga Kano, Steyr daga Bauchi. Injin 911, wanda kamfanin ke kira OM352, na gas ne mai silinda shida, lita 5.7, yana ba da doki 130 ba tare da turbo ba. Kamfanin ya yi masa ɗan'uwa mai turbo, OM352A, wanda ke kaiwa doki 168. Ga ido tagwaye ne, amma bakaniken da ya buɗe su biyun ya san fistin ɗinsu ba ɗaya ba, saitin famfon gas ɗinsu ma ba ɗaya ba. Wato shi kansa mai kamfani, da ya tashi ƙara wa injinsa iska, sai da ya koma cikin cikinsa ya yi gyara.

A 1986 gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Sai ƙofar kwance ta buɗe: motocin da Turai ta gama mora suka riƙa sauka a Kwatano da Legas, injuna da kayan gyara na hannu suka cika Ƙofar Ruwa a Kano. Ta wannan ƙofa Golf ta shigo ta zama motar haya ta ƙauyukanmu, ta nan kuma kawunan DAF suka shigo suka karɓe dakon shanu zuwa Kudu. Turbo ya iso Maigatari ne a jikin babbar motar gas, kanikawanmu kuma a can suka koye shi.

A Turai inda aka ƙirƙiro shi ma haka ya faro. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi masa rajista a 1905, amma sai a shekarun 1920 ya ci nasara, a kan manyan injunan gas na jirgin ruwa. Kamfanin Saurer ya sa shi a babbar mota a 1938. DAF ta fara amfani da shi a 1959, a 1973 kuma ta ƙara masa lagireton sanyaya iska. Ƙananan motocin fetur su ne suka zo a baya, kuma da tuntuɓe suka fara. A 1962 kamfanin General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire, ya ɗaura turbo a kan injin fetur ba tare da rage masa matsi ba, matsin da ya ɗan haura 10 bisa 1. Don kada injin ya cinye kansa, aka yi masa tankin ruwa gauraye da sinadarin metanol da ake fesawa cikin iskar. Masu mota suka riƙa manta cika tankin. Ba a sayar da 10,000 ba a shekara biyu aka daina yin ta, a 1965 kuma kamfanin ya yi tayin cire wa masu ita turbo ya mayar musu da kafireta. Ita ma Peugeot, wadda ta fitar da 604 mai turbo ta gas a 1979, da ta tashi yi wa 505 turbo na fetur a 1983, ba ta ɗora shi a kan injin nan namu na 504 ba, wani inji dabam mai lita 2.2 ta ɗauko.

Yadda kawu ke bayyana wa yaran gareji aikin turbo shi ne da zugazugi. Gawayi ɗaya ne, wuta ɗaya ce, amma in ka zuga ta sai ta narkar da abin da a da ba ta ko jan shi. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin silinda da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan ɗan siririn baƙin mai kawai take shawagi, hayaƙin da ke dukanta kuma a injin fetur yana iya haura digiri 900.

Injin gas yana karɓar wannan da sauƙi saboda iska zalla yake matsawa, sai ta yi zafi sannan nozul ya fesa gas ya kama. Tun asali an gina shi da ƙarfe mai kauri don matsi mai yawa, kuma ƙarin iska ma rage masa baƙin hayaƙi take yi. Injin fetur kuwa iska da mai yake matsawa tare, yana jiran filogi ya ba su wuta a daidai lokaci. In matsi da zafi suka wuce abin da fetur ɗin zai jure, sauran man da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa, ya riƙa dukan kan fistin. Wannan ce ƙwanƙwasar da direba ke ji in ya taka mota a hawa da babban giya. In ta yi tsanani, cikin ɗan lokaci take ƙona gaskit, ta karya mazaunin ringi, ko ta huda fistin. Injin Corolla mai lita 1.8 da ya cika titunanmu matsinsa 10 bisa 1 ne, kusan daidai da na Jetfire.

Saboda haka mai son turbo a kan irin wannan inji, turbo ɗin shi ne mafi arha a cikin sayayyarsa. Sai an ƙera masa sabon bakin salansa da zai ɗauki nauyin da zafin. Sai an jawo masa bututun baƙin mai, a huda kaskon ƙasan inji a mayar da shi. Sai lagireton iska, manyan injektoci, famfon mai mai ƙarfi. Sai an canja fistin don rage matsi, in ana son iska ta wuce ɗan kaɗan. Sai wanda ya iya sake rubuta ƙwaƙwalwar mota, ya gaya mata yawan man da za ta bayar da lokacin wuta a kowane mataki, aikin da ke bukatar na'urar gwada ƙarfin mota a tsaye. Bayan haka kuloci zai fara sulɓi, giya ta fara kuka, birki ya yi kaɗan. In an yi duk wannan da kyau, matsakaicin ƙarin matsin iska na iya ƙara wa inji wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Abin mai yiwuwa ne, ana kuma yin sa a duniya kullum.

To amma mu a nan muna da abubuwa uku da mai bidiyon Amurka ba ya fama da su. Na farko zafin bazara: a watan Afrilu da Mayu rana na haura digiri 40, iskar da turbo zai matsa ta riga ta yi zafi tun daga waje, lagireton iska kuma da wannan iskar zai sanyaya ta. Na biyu mai. A bakin iyaka, rabin tafiya da man bumburutu ake yin ta, daga galan zuwa kwalba, wanda ba ka san da me aka gauraya shi ba, kuma a Fabrairun 2022 ƙasa gaba ɗaya ta ga yadda fetur mai yawan metanol ya shigo ta gidajen mai na hukuma ya kashe injuna. Tsohon injin Fijo zai yi tari ya wuce. Injin da aka matse har iyakarsa ba shi da wannan rarar. Na uku ƙura.

Ƙurar nan na gan ta da idona a kan teburin kawu. Wani direban tirela ne ya zo da turbo a cikin buhu, ya ce mota ta daina ja, tana fitar da shuɗin hayaƙi. Kawu ya kwance bakin, ya kira mu. Fukafukan fankar iska, waɗanda a sabo kaifinsu na iya yanka yatsa, sun dakushe sun yi gefe-gefe, wasu sun guntule. Ya sa yatsu biyu ya kama kan sandar ya girgiza, muka ji tana ƙwas-ƙwas tana taɓa bango. Ya tambayi direban yaushe rabonsa da canja matatar iska.

"Wallahi Baba, busawa muke yi da iskar mai faci mu mayar."

"To ɗan nan, busawar ce ta yaga takardar. Hunturun bana duk ta cikin nan ya bi. Kuma na san in ka iso kara kashewa kake yi nan take ka tafi shan shayi."

Direban ya sunkuyar da kai, don gaskiya ne. Turbo da ya sha tafiya yana da zafi ƙwarai, in aka kashe inji farat ɗaya baƙin mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a jikin sandar ya ƙone ya zama gawayi. Shi ya sa za ka ga tsofaffin direbobin DAF, in sun iso daga Legas ko Fatakwal, suna barin mota tana ƙara a tsaye na 'yan mintuna kafin su zare makulli. Yaran mota na ganin asarar gas ce. Direban da ya taɓa sayen turbo da kuɗinsa ba ya ganin haka.

Ban ce duk abin da kanikawanmu suka saba daidai ne ba. Cire tamostat daga mota da haɗa fanka kai tsaye, da sunan wai an yi shi don ƙasar sanyi, ɓarna ce: injin ba ya kai zafin aikinsa, yana shan mai, yana cin silinda. Mayar da motar injekta zuwa kafireta, wanda aka yi ta yi wa motocin kwance a shekarun 1990, ya samo asali ne daga rashin na'urar bincike, kuma ya sa motoci da yawa shan man da bai kamata ba. Amma ko a cikin waɗannan kura-kurai za ka ga manufa ɗaya: a rage abin da zai iya tsayar da mota a dajin da babu mai gyara. Mutumin da ke tunani haka ba zai ƙara wa mota bututun baƙin mai biyu da robobin iska shida da kowannensu zai iya sakewa tsakanin Gagarawa da Gumel ba.

In kuwa da gaske ƙarfi ake nema, hanyar da garejojinmu suka daɗe da ganowa ita ce dashen inji. A je Ƙofar Ruwa a sayo babban inji na hannu, da giyarsa da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, mai walda ya gyara mazauni, a ɗora. Na ga a-kori-kura da injin 505, na ga wadda aka dasa wa injin Japan. Kuɗin yakan yi ƙasa da na haɗa turbo daga tushe, kuma abin da aka dasa injiniyoyin kamfani sun riga sun daidaita shi. Ko mai son turbo, shawarar da zan ba shi ke nan: ya nemi injin da ya fito da shi daga masana'anta ya dasa gaba ɗaya. Mai tsohuwar motar gas da ba ta da turbo, irin 911, yana da ɗan sarari fiye da mai motar fetur, muddin ya tsaya a ƙaramin matsi, ya kai famfonsa wurin ƙwararren mai saiti, ya kuma sa ido a kan zafin hayaƙi.

Yanzu ma turbo na shigo mana a ƙananan motocin fetur ko mun so ko mun ƙi, don kamfanoni sun koma yin ƙaramin inji mai turbo saboda dokokin hayaƙi na Turai da Amurka. Honda Accord ta 2018 da injin lita 1.5 mai turbo ta zo, Peugeot 508 da 3008 ma akwai masu lita 1.6 irin haka, kuma waɗannan su ne kwancen gobe. Suna son baƙin mai na asali a kan lokaci, ba na awo daga durom ba. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, ga rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, direban Golf da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari lita yake ƙirgawa, tambayar da yake kawowa gareji kuma ita ce yadda mota za ta rage sha, ko inda ake mayar da ita mai amfani da iskar gas.

Abin da ke damuna shi ne, tireloli masu turbo sun fi shekara talatin suna lodi a karar Maigatari, amma har yau in ɗaya ya mutu sai dai a naɗe shi a buhu a aika Kano, ko a sayo wani na hannu da ba a san tarihinsa ba. Gyaran turbo sana'a ce mai zaman kanta: canja bushi da ringin hana yoyo aikin hannu ne da yaranmu za su iya, amma daidaita nauyin sandar sai da na'ura, don abin da ke juyawa da irin wannan gudu ba a auna shi da ido. Muna da kwalejin fasaha ta tarayya a Kazaure, muna da ta jiha a Haɗeja. Da ɗayansu za ta sayi wannan na'ura da ta gwada famfon gas, ta riƙa karɓar yaran gareji na Gumel da Maigatari a kwas na 'yan watanni ba tare da neman takardar sakandare ba, da direban da turbo ɗinsa ya mutu ranar Laraba zai iya yin lodin shanunsa ranar Alhamis.